Wa ya rubuta yadda ake jiƙa anza?

Ƴan'uwa ɗalibai, wani sabon yayi ya shigo mana: begen abincin da. Wani abokin ɗakina ya tsinto tsohon littafin girki na Faransanci wajen masu baza littattafai a ƙasa a Yamai, jika biyu ya biya. Takardun sun yi ja, ciki duk cuku ne da miyar madara. Yana buɗawa yana girgiza kai, wai "mutanen da sun san ci". Na ce mishi, mutanen da na wa? Kakarka ta taɓa ganin cuku irin wanga?

To shi ke nan, shi nasa mai sauƙi ne. Waɗanda sunka fi ba ni haushi su ne masu kirarin gargajiya. Su ga kopto da dambu da fura da nono sai su hau kuka, wai Maggi ya kashe miya. Akwai gaskiya ciki. Dunƙulen nan da anka fara yi a Turai tun 1908 ya ture daudawa a gidaje da yawa. Amma ku tambayi mai kukan yadda ake daudawar batso. Bai san ƴaƴan yakuwa ake dafawa wuni guda ba, a rufe su kwanaki har su ruɓa, a daka, a shanya, gida duk ya ɗauki wari. Bai taɓa riƙa taɓarya ba. Uwarshi da ta jefa dunƙule cikin tukunya ba lalaci ta yi ba, gajiya ta yi.

Kuma duk begen nan abincin biki da salla yake zaɓe. Girkin da ya fi kowane daraja a ƙasar nan ba a ɗaukar hotonshi. A yunwar 1984, wadda tsofaffinmu ke kira El Buhari, da kuma 2005 lokacin da wasunmu na goye, me anka ci a ƙauyukan Maradi da Damagaram da Tawa? Anza da ganyen jiga da tafasa. Anza ɗaci gare ta kamar maɗaci. Sai an ɓare ta, an jiƙa kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani, kafin ta ciwu. Wanda ya yi gaggawa cikinshi zai gaya mishi. Wannan ilimi ne ko ba ilimi ba ne? Ya tsare rayuka, amma muna jin kunyarshi, don yana tuna mana talauci. Damina kuwa ba ta yi mana alkawarin ba za ta sake ƙin zuwa ba.

Mu da ke cika kaye da darussan ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, me ya hana mu ba da shafi goma ga wanga? A babban hutu kowa ya zauna gaban tsohuwar gidansu da bik, ya rubuta da Hausa: tiya nawa, kwana nawa, ruwa sau nawa, da sunan wadda ta faɗa.

Ni na gwada a hutun da ya wuce. Na tambayi kakata kwana nawa anza ke yi cikin ruwa. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan lakwal, ana ƙidaya ne? Ɗanɗanawa ake." Sai da munka jiƙa tare, ni ina ƙidaya, ita tana ɗanɗana.