Wa Ya Kori Adabi Daga Ajin Kimiyya?

A yawancin makarantun sakandarenmu, da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare ake yanke masa hukunci. Mai ƙoƙari a tura shi ajin kimiyya. Wanda lissafi ya fi ƙarfinsa a ce ya tafi ajin ats, ya je can ya yi ta karanta labarai. Iyaye da malamai, har su yaran kansu, sun tafi a kan cewa darasin Turanci dole ne tunda ba a shiga jami'a sai da kiredit ɗinsa, amma adabin Turanci ƙawa ce kawai, sai mai son zama lauya ke da buƙatarsa. Ni kuwa na ce wannan ra'ayi shi ke kada yaranmu a Turancin da muke kuka da shi duk shekara.

A duba abin da WAEC ke tambaya a takardar Turanci. Za a ce yaro ya rubuta insha'i ko wasiƙa mai kalmomi kamar 450. Za a ba shi rubutun da bai taɓa gani ba ya amsa tambayoyi a kansa, sannan a ba shi wani ya taƙaita cikin 'yan jimloli. Wanne daga cikin waɗannan ake samu ta haddar ƙa'idojin nahawu? Amma abin da muke ɗura musu ke nan shekara uku cur: malam ya cika allo da ma'anar suna da aikatau, yara su kwafa, a rufe da tambayoyin shekarun baya. Sai ka ga ɗalibi yana zubo rabe-raben jimla kamar karatun allo, amma a ce ya rubuta wa kawunsa wasiƙar neman kuɗin makaranta, sai gumi. Bai taɓa zama da littafi guda daga bango zuwa bango ba, to ina zai ji yadda jimla ke bin jimla? Daga nan sai a koma neman cibiyar da ake satar amsa, a ce wai Turanci ne mai wuya.

Hujjata tana cikin gidajenmu. Matan Kano da Kaduna da Sakkwato da ke cinye littafin Hausa mai ɗaruruwan shafuka a dare biyu, da yawansu ba darasin nahawun Hausa ne ya saki harshensu ba. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa ne suka yi wannan aiki, domin mai son jin ƙarshen labari ba ya jin wahalar shafi. Wasu cikin matan nan ma yau su ke rubutawa. Abin da ya yi aiki a Hausa, me zai hana shi yi a Turanci?

Hukumar JAMB ta gane haka, shi ya sa take ɗora wa kowane mai neman jami'a littafin labari guda, ko likita zai karanta ko injiniya: an yi Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, an yi The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli. Me muka yi da wannan dama? Muka mayar da ita kasuwa. Ana sayar da 'yan ƙasidu masu taƙaita labarin a shafi goma, da jerin tambayoyi da amsoshinsu, malamin lesin ya haddatar da sunayen taurari. Yaro ya ci tambayoyin, littafin kuwa ko buɗe shi bai yi ba.

Masu tsara manhaja ma suna da nasu laifin. A jerin littattafan adabi na WAEC na 2021 zuwa 2025 akwai Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847, da wasan Shakespeare, A Midsummer Night's Dream. Manyan ayyuka ne, babu musu. Amma a miƙa su ga yaron da bai taɓa gama littafin Turanci ko ɗaya ba, kamar a ɗora wa jinjiri tuwon dawa ne. Ga littattafan da ya kamata a fara da su birjik, kuma na ƙasarmu. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass, labaran da ke yawo cikin Arewar da yaro ya san sunayen garuruwanta. Akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule ɗan Kano, wanda ya fito a 1977 cikin jerin Pacesetters da iyayenmu da yayyenmu suka yi ta aro suna karantawa a ɗakin kwana na makaranta. Akwai The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984. Shi Ekwensin, don masu raina ajin ats su ji, harhaɗa magunguna ya karanta.

Wasu iyaye za su ce littattafan nan na ɓata tarbiyya. Wayar da ke aljihun yaron fa, wa ke zama da shi ya tace masa abin da yake gani? Littafin da aka karanta a aji, malami na nan, ana tambaya ana muhawara, ana cewa wannan tauraro ya yi daidai, wancan ya kauce.

Gyaran ba ya jiran sabuwar manhaja daga Abuja. Kowane firinsifal na da ikon ware darasi guda a mako, ga kowane aji har na kimiyya, a karanta littafi ɗaya a zango, da baki, yaro bayan yaro, sannan kowa ya rubuta shafi guda kan abin da ya fahimta. Littattafai tara ke nan kafin a zauna WAEC. Gwamnatocin jihohin da ke biyan kuɗin jarrabawar ɗalibai a shekarar ƙarshe, su ɗan rage wani abu su sayi kwafi hamsin-hamsin a zuba a laburaren da yanzu, a makarantu da yawa, karyayyun kujeru ake tarawa a ciki.