Maɓallin Riga na Gaskiya, Magana ta Ƙarya

Akwai wata al'ada a ƙasar Amurka wadda ya kamata mu marubuta mu dube ta da idon basira, domin ta shafi sana'armu. Kowace shekara mutane da dama, malaman makaranta da direbobi da akawuna, kan ɗinka kayan soja irin na yaƙin basasar ƙasarsu na 1861 zuwa 1865, su fita fili su kafa tantuna, su yi ta ɓarin albarushi babu harsashi, wasu su zube kamar an harbe su, 'yan kallo suna tafi. Wasu kuma shigar wani sanannen mutum suke yi, kamar Shugaba Abraham Linkon ko Janar Robat Li, babban kwamandan Kudu, suna zagaya makarantu da gidajen tarihi suna magana da bakinsa. Sun sa wa abin suna rayayyen tarihi. Ni kuwa na ce da yawa daga cikinsa binne tarihi ne, illa dai an yi wa gawar ado.

A dubi irin wahalar da suke sha. Wani ɗan jarida, Tony Horwitz, ya zauna da su, ya kuma bayyana a littafinsa na 1998 cewa akwai masu ƙuntata wa kansu abinci don su rame kamar sojan Kudu, da masu jiƙa maɓallan rigunansu cikin fitsari don su yi launin tsufa, da wanda ya ƙware wajen kumbura jikinsa kamar gawar da ta kwana a filin daga. Madalla da ƙoƙari! To amma a tambayi mai wannan riga me ya haddasa yaƙin, sai ka ji ya kama kewaye-kewaye, wai 'yancin jihohi ne, wai haraji ne, wai kare gida ne. Mutumin da ba zai yarda da zaren da bai dace ba a wuyan rigarsa, shi ne ya yarda da ƙarya ƙatuwa a bakinsa.

Alhali kuwa masu yaƙin ba su ɓoye dalilinsu ba. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4 a ƙasar. Da jihar Misisifi za ta ɓalle a watan Janairun 1861, ta rubuta a takardarta cewa matsayinta a ɗaure yake da bauta. Bayan wata biyu mataimakin shugaban Kudu, Alexander Stephens, ya tsaya a garin Sabana ya ce harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata bai kai farar fata ba, kuma bauta ce ta dace da shi. Su da abinsu sun faɗa da baki, sun sa hannu a takarda. Wane ne kai, bayan shekara 160, da za ka ari rigarsu ka musanta musu?

Wannan rufa-rufa tana da asali. A 1913, shekara 50 bayan gumurzun Getisbag, tsofaffin sojoji sama da 50,000 na ɓangarorin biyu suka taru a wannan fili. Tsofaffin Kudu suka sake takawa zuwa katangar dutsen da aka kashe 'yan'uwansu a gabanta, tsofaffin Arewa suka miƙo hannu aka gaisa, aka yi koke-koke. Shugaba Wilson ya yi jawabin sulhu, bai ko ambaci bauta ba, kuma a wannan shekarar ce gwamnatinsa take raba farare da baƙaƙe a ofisoshinta. Wato farare biyu sun shirya, kuɗin sulhun kuwa baƙar fata ya biya. Wannan shi ne rubutun wasan da aka gada, shi ake ta maimaitawa: kowa jarumi, kowa mai gaskiya, babu wanda ya yi laifi, sai ka ce ambaliya ce ta ci mutum sama da 600,000.

Ɗauki Janar Li. A dandali za ka gan shi dattijo mai furfura, mai tsoron Allah, wanda kishin jiharsa Bajiniya ya tilasta masa ɗaukar takobi. Ba za a nuna maka Li mai kula da bayin da surukinsa ya bari a gandun Alintin ba, wanda wani bawa mai suna Wesley Norris ya ba da shaida a 1866 cewa ya sa an yi masa bulala don ya gudu. Ba za a nuna maka rundunarsa tana kame baƙaƙen mutane a Fensilfeniya a 1863 tana kora su Kudu ba. Kada kuma a ce na bar jaki ina dukan taiki, Linkon ɗin ma an wanke shi fiye da kima. Shi ne ya ce a ranar rantsar da shi ba shi da niyyar taɓa bauta a jihohin da take, shi ne kuma ya tara wakilan baƙar fata a watan Agustan 1862 yana lallashinsu su yi ƙaura su bar ƙasar. Girman mutumin yana cikin yadda ya canja daga baya. Wanda ya share farkon labarin ya zubar da daɗin ƙarshensa.

Na san abin da za a ce: ai wasa ne, mutane na girmama kakanninsu, a bar su. Wasa ne? A watan Agustan 2017 aka kashe wata mata a Shalotsbil cikin rikici kan gunkin wannan Janar Li, har garin Manasas ya soke bikin yaƙin basasa da ya shirya a wannan wata. Abin da ake zubar da jini a kansa ya wuce wasa. Yaron da ya ga Janar da idonsa, ya ji muryarsa, ya taɓa takobinsa, zai manta abin da malami ya rubuta a allo, amma ba zai manta wannan ba. Ƙarfin abin ke nan, haɗarinsa ke nan.

Ba ina cewa a hana ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma akwai masu yin abin da gaskiya. Bayan fim ɗin Glory na 1989 baƙaƙen Amurka sun shigo fili suna tuna wa jama'a cewa kakanninsu kusan 180,000 sun yi soja a rundunar Arewa. Akwai mata masu fitowa a matsayin Hariyet Tubman, wadda ta jagoranci sojoji a kogin Kombahi a 1863 aka kuɓutar da bayi sama da 700. A 1994, a gidan tarihi na Wiliyamsbag, Christy Coleman da abokan aikinta suka nuna yadda ake gwanjon bayi a ƙarni na 18, ita kanta ta fito a matsayin baiwa mai ciki da za a raba da mijinta. An yi zanga-zanga, wasu sun ce cin mutunci ne, amma wasu 'yan kallo sun tashi da hawaye. Wannan shi ne tarihi mai rai, domin yana da zafi.

Ya ku 'yan'uwana marubuta, tela ya ɗinka riga, maƙeri ya ƙera takobi, amma maganar da za ta fito daga bakin mamaci wani ne ya zauna ya rubuta ta. Wannan wani kuwa irinmu ne. Mu ma muna da yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, wanda aka rufe da cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, muna kuma da sarakuna da mayaƙa da muke son ɗorawa a dandali. Duk ranar da ɗayanmu ya ɗauki alƙalami zai sa magana a bakin wanda ba ya nan, ya tambayi kansa: wa na bari a waje? Wa ya ɗebo ruwan da gwarzon nan ya sha, kuma da son ransa ya ɗebo? Mamaci ba ya iya tashi ya ƙaryata mu, saboda haka amanarsa ta fi ta mai rai nauyi. A faɗi alherinsa, a faɗi sharrinsa, a kuma ba wanda ya zalunta nasa layin ya yi magana. In ba za mu iya ba, gara mu bar shi ya kwanta lafiya, mu koma ga labaran da muka ƙaga da kanmu.

Allah ya sa alƙalumanmu su zama shaida gare mu, ba a kanmu ba.