Kuɗin Karaye da Rogo: Wa Ya Kamata Ya Yanka, Wa Ya Kamata Ya Raba?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye, ba sai ya ratsa ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da mabuɗinsa ba. An yi ta guɗa. Mu kam ba mu taya ba, domin ko da an aiwatar da hukuncin ɗungurungum, abin da ya canza shi ne aljihun da kuɗin zai kwana. Manomin Zoza da mai sayar da ƙuli-ƙuli a Yammedi suna nan inda suke, a bayan katangar sakatariya, suna jiran a gaya musu abin da suke bukata.

Abin da muke nema a Karaye da Rogo ba shi da wuyar fahimta. A ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin ayyukan raya ƙasa na kowace shekara, a raba wa mazaɓu. Mutanen kowace mazaɓa su taru su kawo shawarwari: rijiyar burtsatse, rufin aji, kwalbati, ɗakin haihuwa. Injiniyan ƙaramar hukuma ya ƙiyasta kuɗin kowane aiki, a manna a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, a kuma karanta da Hausa saboda wanda bai iya karatu ba. Sa'an nan a jefa ƙuri'a, mata ma da layinsu. Aikin da ya yi rinjaye shi za a yi, kuma badi shugaba ya dawo wannan dandali ya bayyana inda kowace naira ta shiga.

Ba mafarkin ɗalibai ba ne. Birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil ya soma haka a 1989, a ƙarƙashin Jam'iyyar Ma'aikata, kuma unguwannin matalauta suka zaɓi ruwan famfo da magudanai da tituna, suka samu. Birnin Paris ya bi sahu a 2014. Sai dai a lura: da jam'iyyar ta faɗi zaɓe a Porto Alegre a 2004, tsarin ya yi ta ramewa, don ya dogara ne ga niyyar mai mulki. Saboda haka mu doka muke so daga Majalisar Dokokin Jihar Kano, ba alherin wani ciyaman da zai tafi da shi ranar da ya bar kujera ba.

Mun san abin da manya za su ce, don tun zamanin En'e suke faɗarsa: wai talaka bai san lissafi ba, zai yi ɓarna. Subhanallahi! Mutumin da yake lissafa taki da iri da ladan 'yan ƙwadago tun kafin ruwan farko ya sauka, matar da take riƙe da adashin unguwa shekara da shekaru ba a taɓa jin kwabo ya ɓata ba, jama'ar da suka gina masallatansu da gayya da karo-karo, su ne ba su san lissafi ba? To, waɗanda suka sani mun ga aikinsu. Tun 2019 Hukumar ICPC take bin sawun ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa a faɗin ƙasar nan, tana tono waɗanda aka biya kuɗinsu aka watsar. Ba manomi ne ya sa hannu a waɗancan takardu ba.

Dubi ma tarihin yankin. Madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye take, amma daga sama aka tsara ta. Masarautar Karaye kuwa, an ƙirƙiro ta a 2019, aka rushe a Mayun 2024, aka maido ta da daraja ta biyu a Yulin shekarar, ta ƙunshi Karaye da Rogo. Sau uku ana juya al'amarin mutane a birnin Kano, ba a kira su sun jefa ƙuri'a a kai ko sau ɗaya ba. In an hana su magana a kan rawani, a bar su su yi magana a kan rijiya mana!

Mu da muka tashi muna jin labarin Malam Aminu Kano da NEPU, da yadda gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, mun san cewa an taɓa cire hannun hukuma daga aljihun talaka a jihar nan. Saura a sa hannun talaka a baitulmali. Hutun ƙarshen zango na tafe. Ɗaliban Karaye da Rogo su je sakatariya su nemi kwafin kasafin kuɗin bana a rubuce, su fassara shi, su karanta wa iyayenmu a ranar kasuwa. In an hana su, su rubuto mana sunan ofishin da ranar da aka hana, za mu buga a fitowa ta gaba.