A Daina Cinikin Biri a Sama Ranar Zaɓen 'Yan Wasa

Duk shekara a ƙarshen watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL ta ƙwallon ƙafar Amurka sukan hallara su raba matasan da suka fito daga jami'o'i. Tsarin nasu ya sha bamban da na Turai, inda mai abin hannu ke kwashe gwanaye. A Amurka, ƙungiyar da ta zo kutal a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, zakara kuwa sai kowa ya ɗauka. Zagaye bakwai ake yi, kuma tun 1936 ake wannan al'ada. An shirya ta ne domin wanda ya faɗi ya samu ya miƙe, shi ya sa nake jin takaici idan na ga yadda shugabannin ƙungiyoyi ke wasa da ita.

Ra'ayina a nan shi ne, zaɓen farko na wanda aka daɗe ana gani a fili ne. Tsayi da gudu da ƙarfin damtse duk suna da amfani, amma ba su isa a ɗora makomar ƙungiya a kansu ba, musamman a gurbin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar kai hari.

A 1998 Amurka ta rabu biyu kan matasa biyu, Peyton Manning na Jami'ar Tennessee da Ryan Leaf na Washington State. Da yawa sun karkata ga Leaf saboda ƙarfin hannunsa. Manning kuwa ya zauna ya cika shekara huɗu a jami'a alhali yana da damar fita tun kafin nan. Indianapolis Colts ta ɗauki Manning, San Diego Chargers ta bi da Leaf. Manning ya zama gwarzon gasar har sau biyar, ya ɗaga kofin Super Bowl sau biyu. Leaf ya bar wasa da jifa 14 da suka kai ga ci, da 36 da abokan hamayya suka cafke.

Da a ce an ɗauki darasi, da ba mu ga abin da ya faru a 2021 ba. San Francisco 49ers ta sadaukar da zaɓukanta na zagayen farko na shekara uku domin ta hau matsayi na uku ta ɗauki Trey Lance. Wannan yaro wasa 17 kacal aka fara da shi a jami'arsa ta North Dakota State, kuma a 2020 sau ɗaya ya buga. Me suka gani a wasa 17 da ya kai wannan farashi? Gaskiya ne karayar idon sawu ta same shi a 2022, kuma ba laifinsa ba ne da aka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Laifin na waɗanda suka yi cinikin ne. Wasa huɗu ya fara musu, a 2023 suka miƙa shi ga Dallas a kan zaɓen zagaye na huɗu. Wanda ya fitar da su kunya shi ne Brock Purdy, da suka ɗauka na 262 a 2022, na ƙarshe a duk zaɓen. Purdy ya shafe shekara huɗu yana jagorantar Iowa State, ya sha nasara ya sha kaye, ya san yadda ake tashi bayan an kayar da mutum. Shi ya kai su wasan ƙarshe a Fabrairun 2024.

Za a ce mini, to ina Patrick Mahomes da Josh Allen, waɗanda aka yi ta shakka a kansu amma suka zama taurari? Tambaya ce mai kyau. Sai dai Mahomes ya buga wasanni masu yawa a Texas Tech, kuma Kansas City ta ajiye shi kusan kaka guda yana koyo a bayan Alex Smith, a ƙarƙashin koci Andy Reid. Ƙungiyar da ta zo kutal ba ta da wannan sukuni. Kada kuma a manta, a zaɓen 2017 Chicago Bears ta tsallake Mahomes ta ɗauki Mitchell Trubisky na biyu, wanda wasa 13 ya fara a jami'a. Mahomes sai na goma ya tafi.

Masana ma sun duba lamarin. Cade Massey da Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓukan shekaru da dama. Sun gano cewa yiwuwar ɗan wasa ya fi wanda aka ɗauka bayansa a gurbi ɗaya ba ta wuce kusan kashi 52 cikin ɗari ba. Ke nan tabbacin da shugabanni ke bugun ƙirji da shi ya fi iliminsu yawa. Tom Brady, mai kofi bakwai, na 199 aka ɗauke shi a 2000.

Saboda haka duk ƙungiyar da ke riƙe da zaɓen farko ta nemi wanda ya daɗe a fili, wanda kocinsa da abokan wasansa suka shaidi halinsa da ƙwazonsa. Idan babu irinsa a shekarar, ta sayar da matsayin ga mai zumuɗi, ta karɓi zaɓuka uku ko huɗu ta toshe ɓarakar da ta kai ta ƙarshen teburi.