Takin Gargajiya Sai Da Kwanciyar Rai

'Yan'uwa ɗalibai, kada mu zargi manomin Kuyello da jahilci don ya yi jinkirin komawa ga takin gargajiya, duk da tsadar na zamani tun 2022. Kashin shanu ba ya gama nuna amfaninsa a damina ɗaya, mai noma a bakin daji yana waiwaye kuwa ba ya lissafin baɗi. A da makiyayi kan sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, sai satar shanu ta rushe wannan amana. An sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari a 2024. Saura a maido da amana, a kuma keɓe gonar gwaji a kowane ƙauye, domin gani ya kori ji.