Sharhi: Mutanen Chilwell da Kabarinsu na Bai Ɗaya



Da yammacin ranar 1 ga Yuli, 1918, wata ƙara ta girgiza ƙauyen Chilwell da ke kusa da birnin Nottingham a Ingila. Kimanin tan 8 na nakiyar TNT ne ya tashi a masana'antar gwamnati da ake ɗura wa manyan harsasai albarushi. Mutum 134 suka rasu, wasu kusan 250 suka jikkata. Gawa 32 kawai aka iya ganewa. Sauran aka haɗa su aka binne a kabari na bai ɗaya a harabar cocin St Mary da ke ƙauyen Attenborough. Washegari ma'aikata suka koma bakin aiki.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, jaridu na ƙarƙashin takunkumi, don haka labarin da ya fita bai ma ambaci sunan wurin ba. Da yawa daga ma'aikatan mata ne, waɗanda sinadarin ya rina musu fata ta koma ruwan ɗorawa, ya kuma lalata hantar wasunsu. Ba su sa kaki ba, ba su je fagen fama a Faransa ba, amma yaƙin ne ya ci su, kamar yadda ya ci sojan da ke harba harsashin da suka ɗura.

A 1919 an kafa musu dutsen tunawa a filin masana'antar. Sai dai wurin ya zama barikin soja, ba kowa ke shiga ba. Abin da ya rage a hannun talaka shi ne kabarin nan na Attenborough, inda jikoki da tattaɓa-kunne ke zuwa, inda kuma mutanen gari suka yi taron cika shekara 100 a 2018. Abin da ya fi taɓa ni ke nan: gwamnati ta yi nata ta wuce, mutanen gari ne suka ƙi bari a manta.

Mu ma muna da irin wannan bashi. A Yaƙin Duniya na Biyu, bayan da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza. Sanyi, ƙarancin abinci da cututtuka suka kashe da yawa. Duk shekara, ranar 15 ga Janairu, Najeriya na tunawa da 'yan mazan jiya, har da waɗanda suka je yaƙi a ƙasar Bama (Burma), kuma sun cancanta. Waɗannan manoma fa?

Dattawan da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna nan a ƙauyuka, amma suna ƙarewa. Masu unguwanni, dagatai da malaman makaranta su zauna da su tun yanzu, a rubuta sunan wanda aka ɗauka, da wanda ya dawo, da wanda har yau ba a san inda aka binne shi ba.