"Caji Ɗaya, Wata Uku": Kafin a Fitar da Kuɗin Ƙungiya, a Zauna a Yi Lissafi



Tun bayan zaman ranar Lahadi wayata ba ta huta ba. Wasu na cewa Sakatare ne ya hana ruwa gudu, shi ya sa ba a fitar da kuɗin sayen na'urorin karatu na ɗakin karatun yaranmu ba. Wani ma ya turo min saƙo cewa ni mutumin da ne, ina tsoron kayan zamani. Tunda maganar ta bar zaure ta shiga wayoyin jama'a, gara in faɗi tawa a nan inda kowa zai gani. Ra'ayina ne ni kaɗai, ba matsayar shugabanni ba ce.

Ga waɗanda ba su halarci zaman ba, ga yadda aka yi. An kawo shawarar a sayo na'urorin karatu guda goma, irin waɗanda ake zuba littattafai a cikinsu, na hannu, waɗanda ake ce wa tokumbo a nan Legas. Hujjar da aka yi ta maimaitawa guda ɗaya ce: dillali ya ce caji ɗaya yana kai wata uku. Aka ce ga maganin matsalar wuta ya zo, mu da muke kwana biyu ba mu ga ƙyallinta ba. Da na nemi a faɗa mana wata ukun nan da karatun awa nawa ne a rana, sai zaure ya yi tsit. Daga nan aka ɗage maganar, daga nan kuma na zama mai laifi.

Kuɗin nan ba daga sama ya faɗo ba. Karo-karon mai shayi ne, da ɗan dako, da mai ɗinkin takalmi, da mai tura ruwa, da 'yan kasuwar gwari. Wanda aka ba ajiyar irin wannan kuɗi ba shi da ikon yin cinikin biri a sama.

Bari in fara da yi wa dillalin adalci, domin maganar wata uku tana da tushe. Kamfanin Amazon, mai yin Kindle tun 2007, ya ce Kindle Paperwhite da ya fitar a 2024 tana iya kai mako 12 da caji ɗaya. Wadda ya fitar a 2021 ya ce mako 10. Ƙaramar Kindle ta 2022 kuma mako 6. Amma kamfanin bai tsaya nan ba, ya rubuta sharaɗin da aka yi awon a kansa: karatun rabin awa a rana, an kashe waifai, an kuma rage hasken fuskar zuwa mataki na 13. Wannan sharaɗi shi ne dillali ya haɗiye, mu kuma muka ɗauko rabin magana muka kawo zaure.

To, a ɗauko biro. Mako 12 kwana 84 ke nan. Rabin awa sau 84 ya ba da awa 42. Mako 10 kwana 70 ne, wato awa 35. Mako 6 kwana 42 ne, wato awa 21. Ashe "wata uku" ɗin da ake ta yi mana kirari da shi, karatun awa 42 ne, kuma a sabuwar na'ura fil daga kwali.

Yanzu a kawo lissafin ɗakin karatunmu. Ba mutum ɗaya ne zai riƙe na'ura ya karanta shafi goma kafin barci ya ajiye ba. Yara ne za su riƙa karɓa-karɓa daga tashi makaranta har dare. A ce yara shida ne kan na'ura ɗaya, kowa awa ɗaya. Awa shida ke nan a rana. Awa 42 za ta ƙare a kwana bakwai. Awa 21 kuwa kwana uku da rabi. Na yarda cewa wani ɓangare na cajin yana tafiya ne lokacin da na'urar take ajiye, don haka mai karatu a jere zai iya ɗan haura wannan adadi. Ko an yi wannan rangwame, daga mako guda zuwa wata uku akwai tafiya mai nisa.

Ya kamata mu san dalilin da ya sa batirin irin wannan na'ura yake daɗewa, domin a nan ne za mu gane abin da ke cinye shi. Fuskarta ba irin ta waya ba ce. Fuskar waya fitila ce, muddin kana kallonta tana shan wuta. Ita kuwa wannan, a ƙarƙashin fuskarta akwai ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe. Idan ka juya shafi, sai wuta kaɗan ta turo waɗanda ake buƙata sama su zama rubutu, daga nan su tsaya cak. Shafin zai zauna a haka ba tare da ya ƙara neman wuta ba, kamar tawada a kan takarda. Shi ya sa ko a tsakar rana ana karanta ta tas, inda waya take gagarar ido. Batirin da ke cikinta ma bai kai rabin na wayoyin da muke riƙewa ba. Sirrin yana ga ƙarancin cinta.

Daga nan abubuwan da ke zuƙe cajin sun fito fili. Na farko juya shafi. Yaro mai koyon karatu zai ƙara girman rubutu, kalmomin shafi su ragu, juyawa ta yawaita. Na biyu fitilar fuska. Mu da dare muka fi buƙatar na'urar, lokacin da babu wuta, kuma kowa ya san yaro ba zai bar haske a mataki na 13 ba, zai ƙure shi ne. Na uku waifai, wanda in an bar shi a kunne zai yi ta laluben sabis ko ba a taɓa na'urar ba. Na huɗu, duk lokacin da aka zuba littattafai da yawa a tashi ɗaya, na'urar kan ɗauki lokaci tana bin su tana tsara kalmominsu domin bincike, wannan aiki kuma yana shan caji sosai. Na biyar, kuma wanda ya fi shafarmu, littattafan makaranta da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ke yawo a hannunmu galibi hotunan shafuka ne a PDF. A fuska mai inci 6 sai an yi ta zuƙowa ana matsarwa kafin a ga rubutu, kuma kowace matsarwa kamar juya sabon shafi ce.

Duk wannan a kan sabuwar na'ura nake magana. Abin da aka ce mu saya kuwa na hannu ne. Batirin litiyam yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi. Zafi yana saurin lalata shi, haka ma barin sa babu caji na tsawon watanni. Na'urar da ta yi shekaru a hannun wani a Turai, ta kwanta a durowa, ta shigo kwantena, ta zo ta zauna a gilashin shago cikin zafin Legas, wa zai rantse mana a kan batirinta? Kuma ba irin tsohuwar wayar nan ba ce da za ka ɓalle murfi ka sa sabon batir. A rufe yake a ciki, sai mai gyara ya buɗe, in ma an samu irinsa.

Ba labari nake ba ku ba, ni ma na taɓa faɗawa. Shekarar da ta wuce na sayo wa 'yata irin wannan na'ura ta hannu a wata kasuwar kayan waya. Mai shagon ya kunna min, na ga caji cike, ya ce in je in manta da caja. Kwana huɗu ta mutu. Na yi caji, ta sake mutuwa kafin mako. Da na mayar, sai ya nuna min abin da ke rubuce a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Kuɗina ne, na haƙura. Na ƙungiya kuwa ba ni da hurumin yin haƙuri a madadin masu shi.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda suka ji na yi tambaya suka ɗauka na koma layinsu. Su cewa suke yi a watsar da maganar gaba ɗaya, a sayi tabilet masu araha, ko ma kowane yaro ya karanta a wayar babansa. Da ku ma ban yarda ba. Kamfanin Apple da kansa awa 10 yake faɗa wa iPad, ita da take mai tsada. Da lissafinmu na awa shida a rana, ba za ta cika kwana biyu ba. Ina ga mai araha marar suna? Kullum sai an kai ta shagon caji ko an tayar da janareto, kuma kowa ya san yadda kuɗin fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Wayar baba kuwa da ita yake neman abinci, tana tare da shi a kasuwa har dare. In ma ta dawo gida da sauran caji, mu faɗa wa kanmu gaskiya: yaron da aka miƙa wa waya ya yi karatu, minti nawa yake yi kafin ya zarce TikTok?

Inda masu tabilet suke da gaskiya ba zan ɓoye ba. Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, kuma na'urar karatu ba za ta koya wa yaro amsa tambaya a kwamfuta ba. Ba ta dace da bidiyon darasi ba, yawancinsu kuma ba su nuna launi, don haka taswira da zanen kimiyya ba sa fita yadda ya kamata. Wannan buƙata ce ta daban, a kawo ta a matsayinta a tattauna. Abin da muka tara kuɗi dominsa shi ne yara su saba da zama su karanta littafi daga farko har ƙarshe. A wannan aiki, na'urar da ke yin kwana bakwai ta fi wadda ke yin kwana ɗaya, nesa ba kusa ba.

Kun ga ke nan ban ƙi na'urar ba. Da an zo zaure an ce mana mako guda take yi, da ni ne farkon mai ɗaga hannu, domin mako guda ma abin so ne ga mai zama a unguwa irin tamu. Abin da na ƙi shi ne a gina shiri a kan adadin da ba na gaskiya ba. Wanda ya yarda da wata uku ba zai sa kuɗin fawabank a kasafi ba, ba zai naɗa mai kula da caji ba, ba zai tambayi shekarun batir ba. Ranar da na'urori goma suka mutu a mako na biyu, iyaye za su ce an cinye kuɗinsu, kuma ba dillali za su nema ba, mu za su nema. Bayan haka duk wanda ya sake kawo maganar karo-karo don karatun yara, dariya za a yi masa. Wannan asarar ta fi ta kuɗin ciwo.

Ga abin da zan gabatar a zama mai zuwa, kowa ya zo da gyaransa.

Na ɗaya, kada a sayi goma a tashi ɗaya. A fara da biyu, a sa su a ɗakin karatu mako biyu, yara su yi amfani da su yadda za su yi kullum. A ajiye littafi ana rubuta ranar da aka cika caji, da awannin da aka yi karatu, da ranar da ya ƙare. Gani ya kori ji.

Na biyu, duk dillalin da za mu yi ciniki da shi ya rubuta mana samfurin na'urar da shekarar da aka fitar da ita, ya kuma sa hannu cewa zai karɓi kayansa idan batir bai kai abin da aka yi alkawari ba. Wanda ya tabbata da kayansa ba zai ji tsoron biro ba.

Na uku, a duba kafin a biya: a tabbatar ba a ɗaure take da asusun tsohon mai ita ba, bayanta bai kumbura ba, kuma a san irin bakin cajarta, domin tsofaffin suna amfani da ƙaramin baki na da, sababbin kuma irin na wayoyin yanzu.

Na huɗu, a gwada ainihin littattafan da yaranmu za su karanta, ba wanda dillali ya zuba don talla ba. A buɗe littafin Hausa a ga ko ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa daidai, domin ba kowane salon rubutu ne yake ɗauke da su ba. A buɗe PDF na lissafi a ga ko yaro zai iya karantawa ba tare da wahala ba.

Na biyar, a ware kuɗin fawabank ɗaya mai kyau da ƙaramin faifan sola tun farko, a tsayar da rana ɗaya a mako ta caji, a kuma ba mutum ɗaya alhakin kashe waifai da ajiye na'urorin inda rana ba ta dukansu.

Ga ɗan uwana da ya kawo shawarar, ban zarge ka da komai ba, kuma na san alheri kake nufi. Kai ma faɗa maka aka yi. Abin da nake roƙo shi ne ka koma wurin dillalin da tambayar da na yi a zaure: wata ukun nan, awa nawa ne a rana? Ka zo mana da amsarsa a rubuce. Idan gwajin mako biyu ya nuna ni ne na yi kuskure, zan dawo wannan shafi in faɗa da bakina, in kuma sa hannu a takardar fitar da kuɗin a ranar.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ba mu ikon riƙe amana.

Naku,
Sakataren Ƙungiya